Makaranta a Filin Allah: Koyar da Yaran Unguwannin Talakawa Sanin Muhalli a Kontagora

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin malaman makarantun firamare da na ƙananan sakandare, da hedimastoci, da iyayen yara, da masu unguwanni, da duk wani ma'aikaci da aka ɗora wa nauyin wayar da kan yara game da muhalli. Abin da a ke nufi da muhalli shi ne dukkan abin da ke kewaye da ɗan Adam wanda rayuwarsa ta dogara a kansa, watau ƙasar da ya ke nomawa, da ruwan da ya ke sha, da iskar da ya ke shaƙa, da itatuwa da dabbobi da tsuntsaye da ƙwari, har da magudanar ruwan da ta bi ta ƙofar gidansa da jujin da ke bayan unguwarsu.

An ɗauki garin Kontagora na Jihar Neja don ya zama misali, amma bayanin zai yi amfani a kowane gari mai kama da shi. Manufar littafin ita ce a nuna cewa makarantar da ba ta da kuɗi, ba ta da mota, ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, tana iya ba yaranta wannan ilmi sosai da sosai, in dai malami ya yarda ya fito da su daga aji ya nuna musu abin da ke gabansu. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Kontagora da Abin da Ke Kewaye da Ita

Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa Kontagora a wajen shekara ta 1864, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Sudan. Bisa ga tarihin baka, sunan garin ya samo asali ne daga umurnin da ya ba mutanensa cewa su kwantar da gorunansu, domin an iso wurin zama. Wannan labari darasi ne na farko ga yara: ruwa da ƙasa mai albarka su ne ke zaunar da jama'a a wuri, kuma lalacewarsu ita ke tayar da su.

Garin yana kan mahaɗar hanyoyin da suka nufi Yawuri, da Rijau da Zuru, da Tegina da Minna, da kuma Mokwa. Ƙasar daji ce mai dogayen ciyayi da itatuwa irin su kaɗanya da ɗorawa da maje da kirya da madobiya da marke. Damina takan kama daga watan Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, kuma ruwan da a ke samu a shekara yakan kai milimita 1,000 ko ya ɗara. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a shekara ta 1976 garin ke ta bunƙasa. A ƙidayar shekara ta 2006 an sami mutane fiye da 150,000 a Ƙaramar Hukumar Kontagora, daga baya kuma rashin tsaro a ƙauyuka ya ƙara turo jama'a cikin gari. Sakamakon haka shi ne cunkoso a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, da gine-gine a kan hanyoyin ruwa, da tarin shara, da ajujuwa cike maƙil da yara.

Me Ya Sa Yaran Talakawa Suka Fi Bukatar Wannan Ilmi?

Dalili na farko shi ne, su ne suka fi shan wahalar lalacewar muhalli. Yaron da gidansu ke bakin kwata shi sauro ya fi cizo. Yarinyar da ke zuwa ɗebo ruwa a rafi ko kududdufi ita ta fi haɗuwa da tsargiya da gudawa. Gidan ƙasa da aka gina a kwari shi ruwa ke fara ci. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya su ke, kuma ƙananan yara ne cutar ta fi kashewa.

Jihar Neja ta ga misalai masu ban tausayi. A shekara ta 2015 gubar dalma ta kashe yara 28 a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Rafi, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a kusa da gidaje, ƙurar tana shiga abinci da ƙasar da yara ke wasa. A ƙarshen watan Mayu na shekara ta 2025 ambaliya ta auka wa garin Mokwa da asuba, ta hallaka mutane fiye da 150. Ba a cewa darasin makaranta zai tare ruwan sama, amma jama'ar da ta san hanyar ruwa, ta san haɗarin ƙura mai guba, ta fi iya kare kanta da neman haƙƙinta a wurin hukuma.

Dalili na biyu shi ne, wayar da kai tana aiki. Lokacin da aka fara ƙidayar masu ciwon kurkunu a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, an sami mutane fiye da 650,000. Cutar ba ta da allurar rigakafi, ba ta da maganin sha. Da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da samar da ruwa mai tsabta, da yi wa jama'a bayani gida gida, aka ci ƙarfinta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a shekara ta 2013 cewa Nijeriya ta rabu da ita.

Dalili na uku shi ne, yaron gari yana tasowa bai san abin da kakansa ya sani ba. Yana cin miyar daddawa bai taɓa lura da itacen ɗorawa ba, yana ganin buhunan gawayi a kan manyan motoci bai san wace bishiya aka sare ba. In wannan sani ya yanke a kansa, babu mai miƙa shi ga na baya.

Asalin Wannan Fanni

Fitar da yara waje don koyo ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tsofaffin makarantun elementare suna da gonar makaranta da darasin aikin gona da sanin halittu, kuma Ƙungiyar Samarin Manoma ta yi tashe a makarantu da yawa. Fari na shekarun 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi da amfanin gona a Arewa da ƙasashen Sahel, ya ƙara nuna wa hukumomi muhimmancin itatuwa.

A duniya kuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taronta na farko kan muhalli a birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin a shekara ta 1972, daga nan ne aka keɓe ranar 5 ga watan Yuni ta zama Ranar Muhalli ta Duniya. A shekara ta 1977 aka yi wani taro a Tibilisi, ta ƙasar Jojiya wadda a lokacin ta ke cikin Tarayyar Sobiyet, musamman a kan ilmin muhalli. Taron ya tsayar da manufofi biyar: a faɗakar da mutum, a ba shi sani, a gyara halayensa, a koya masa dabarun aiki, sa'an nan a ba shi damar sa hannu wajen warware matsala. Duk wanda ya duba zai ga cewa uku na ƙarshe ba su samuwa a kan allo kaɗai.

A Nijeriya an kafa Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya a shekara ta 1980, wadda ta yi fice wajen kafa ƙungiyoyin kiyaye muhalli a makarantu. A shekara ta 1985 gwamnatin soja ta shigar da tsabtace gari cikin shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Bayan an gano sharar masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu, Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya a shekara ta 1988, kuma a shekara ta 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Dokoki da hukumomi sun samu. Abin da ya rage shi ne ilmin ya sauko har ƙofar ajin yaron talaka.

Ina Za a Kai Yaran?

Kontagora ba ta da nisa ƙwarai da Gandun Namun Daji na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a shekara ta 1979 ta hanyar haɗe dajin Borgu da na Zugurma, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000. Amma lalle ne a faɗi gaskiya game da tsaro. An sace ɗalibai a Kagara a watan Fabrairu na shekara ta 2021, da Tegina a watan Mayu na wannan shekara, da Papiri a watan Nuwamba na shekara ta 2025, kuma an sha samun rahoton 'yan bindiga a dazuzzukan yankin. Saboda haka kada wani malami ya fita da yara bayan gari ko cikin daji sai da iznin hukumar ilmi da na jami'an tsaro da na iyaye. Ran yaro ɗaya ya fi kowane darasi.

Wannan ba zai hana aikin ba, domin mafi yawan abin da a ke bukata yana cikin tafiyar minti goma daga ƙofar aji. Ga wuraren da kusan kowace makaranta ke da su: filin makaranta da gindin itatuwansa, indararon ajujuwa da inda ruwansa ke zuba, rijiya ko famfon burtsatse na unguwa, magudanar ruwa da jujin unguwa, waɗanda za a duba daga nesa kaɗan, wurin masu sayar da itace da gawayi, lambun wani maƙwabci, da gidan da mata ke yin man kaɗe ko daddawa. Kowane ɗaya daga cikinsu aji ne.

Darussa Bisa Ga Lokutan Shekara

Hanya mafi sauƙi ita ce malami ya bi shekara yadda ta ke juyawa.

Da bazara, watau watannin Maris da Afrilu, zafi yakan kusanci digiri 40. A fita da sassafe a yi darasin inuwa. Yara su taɓa ƙasar da ke rana da wadda ke gindin bishiya su faɗi bambanci. Sa'an nan a auna tsawon itace ba tare da an hau ba: a kafa sanda mai tsawon mita 1, a auna inuwarta, a auna inuwar itacen a lokaci ɗaya. In inuwar sanda ta kai mita 2, ta itace kuma mita 16, to, tsawon itacen mita 8 ne. Yaro ya koyi rabawa ke nan ba tare da ya ji tsoron lissafi ba. A wannan lokaci ne kuma za a sa yara su zuba ido don ganin shamuwa ta farko, su rubuta ranar. A gaya musu cewa wannan tsuntsuwa tana yin rani a kudancin Afirka, ta dawo ƙasashenmu ta yi sheƙa gab da saukar damina, shi ya sa manoma ke murna da ganinta.

Da damina darasin ruwa ne. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a ɗora shi a kan turke a fili, nesa da rufi da itatuwa. Kowace safiya a lokaci ɗaya yara biyu su auna zurfin ruwan da rula, su rubuta, su zubar. Ka'idar ita ce, milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 daidai ya ke da lita 1. Saboda haka rufin jerin ajujuwa mai tsawon mita 25 da faɗin mita 8, watau murabba'in mita 200, yana karɓar lita 200,000 a shekarar da aka yi ruwa milimita 1,000. Wannan ya kai durom 1,000 na lita 200. Sai malami ya tambaya: ina wannan ruwa ke tafiya? Yara su bi sawunsa bayan an ɗauke ruwa, su ga inda ya zaizaye gindin gini, da inda ya kwanta, da inda leda ta toshe masa hanya.

Don nuna zaizayar ƙasa, a yanko ƙasa mai ciyawa a sa a wani tsohon faranti ko kwali, a sa ƙasa tsura a wani, a jingina su a karkace, a zuba musu ruwa daidai wa daida. Ruwan da ya fito daga ƙasa tsura ja wur zai fito, na mai ciyawa kuwa kaɗan ne kuma garau. Wanda ya ga wannan ba ya bukatar dogon bayani a kan yadda kwazazzabo ke farawa.

Darasin sauro shi ne ya fi shafar lafiya. Malami ya ɗebo ruwan da ya kwanta da ludayi ya zuba a kwalba mai haske, ya rufe bakin da ƙyalle ya ɗaure tam. Yara za su ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu za su ga sun zama sauro mai fiffike. A lura da kwanciyarsu: 'ya'yan sauron da ke kawo zazzaɓi sukan kwanta a miƙe a saman ruwa, kuma sun fi son ruwan sama da ya kwanta a rana, kamar a ramin da aka haƙi ƙasar gini ko sawun taya. Waɗanda ke rataye da kai ƙasa na wani irin sauro ne da ya fi son ƙazamin ruwan kwata. In an gama, a zuba sabulu ko kananzir kaɗan a kashe su, kada a sake su. Aikin gida shi ne kowane yaro ya kife gwangwanaye da fasassun tukwane a gidansu, ya kuma tabbata an ɗaura gidan sauro.

Da kaka da hunturu a koma kan ƙasa da shara. A zuba ƙasa rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye har gobe. Yashi zai fara kwantawa, laka ta biyo, yumɓu ya zo a sama, ruɓaɓɓen ganye kuma ya yi iyo. A gwada ƙasar jigawa da ta fadama a ga bambanci. Har wa yau a haƙa ramuka biyu, a binne ɓawon rogo da ganye a ɗaya, ledar ruwa a ɗaya, a riƙa yayyafa musu ruwa, a tone bayan wata biyu. Na farko ya zama taki, leda kuwa tana nan yadda aka sa ta. A yi lissafi kuma: ajin yara 60, in kowa ya yar da leda 2 a rana, a kwana 5 leda 600 ke nan.

Da rani a yi darasin itatuwa da tarihi. A gayyato wani dattijo ko tsohuwa su faɗi sunayen itatuwa da amfaninsu, da waɗanda a da ke kusa da gari yanzu sai an yi nisa. A rubuta sunayen da Hausa da Fulatanci da harsunan Kambari da Dakarkari da Dukkawa da Nufawa da Gwarawa, gwargwadon yaran da ke ajin, don kowa ya ga an daraja abin da ya zo da shi daga gida. A yi maganar kaɗanya: takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma daga nan tana ciyar da gida zuriya bayan zuriya, Jihar Neja kuwa tana cikin manyan masu samar da ita a ƙasar nan. Wanda ya sare ta don buhun gawayi ya ci na yau ya hana na gobe. A yi maganar madobiya, wadda aka yi ta sarewa ana fitarwa ƙasashen waje har aka sa ta cikin jerin itatuwan da a ke taƙaita cinikinsu a duniya daga shekara ta 2017. A tambayi dattawa yawan ungulun da su ke gani a mahauta a da. Tun shekara ta 2015 masana suka sa wannan tsuntsuwa cikin waɗanda ke gab da ƙarewa, alhali ita ke share mushe kafin ya yaɗa cuta.

Wurin Renon Itatuwa

Kowace makaranta ta yi ƙoƙari ta mallaki ɗan wurin renon itatuwa, ko da faɗin tabarma biyu ne. Ledojin ruwan da aka tsince su ne tukwanensa: a yanke baki, a huda gindi, a cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Irin dogon yaro da na kaɗanya ba su jimre ajiya, sai a shuka su da ɗanyensu. Irin ɗorawa da na kuka da na tsamiya suna da tauri, sai a jiƙa su a ruwan ɗumi su kwana kafin shuka. Zogale yana saurin girma, shi ya fi dacewa da ƙananan yara masu son ganin sakamako da wuri, ga shi kuma ana cin ganyensa. Mangwaro da gwaiba da yazawa suna jawo sha'awar iyaye.

A fara reno da rani, a dasa in damina ta zauna sosai, wajen watan Yuni ko Yuli, a rami mai zurfi da faɗin kamar rabin mita, a cire ledar kafin a binne. Abin lura a nan shi ne, dashe ba shi ne aikin ba. Itatuwa masu yawa da a ke dasawa a ranar biki sukan mutu kafin shekara ta kewayo, saboda awaki da ƙishirwar rani. Gara a dasa 10 a kewaye su da ƙaya ko tsofaffin bulo, a ba kowace ƙungiyar yara tata bishiya, a tsara masu ban ruwa har lokacin hutu, da a dasa 200 a bar su ga akuya.

Ka'idojin Fita

1. Malami ya fara zuwa wurin shi kaɗai ya duba, ya nemi iznin mai wurin ko mai unguwa.
2. A sanar da hedimasta da iyaye ranar fita da wurin da lokacin dawowa.
3. A tsayar da tambaya ɗaya tak da za a je nema wa amsa. Fita ba tambaya yawo ne.
4. A raba aji ƙungiya ƙungiya, yara 8 ko 10, kowace da shugaba da marubuci. A riƙa ba 'yan mata shugabanci daidai da maza.
5. A ƙirga yara kafin fita, da can wurin, da bayan dawowa.
6. Kada yaro ya shiga rafi ko kududdufi ko kwata, kada ya taɓa allura ko kwalba fasasshiya ko tsohon batir ko sharar asibiti, kada ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse saboda maciji da kunama.
7. Kada a ƙona leda, domin hayaƙinta yana cutar da ƙirji.
8. A wanke hannu da sabulu bayan an dawo.
9. A koma aji a rubuta abin da aka gani, a zana, a yi lissafi. Fitar da ba a rubuta ba ta tafi a banza.

Matsaloli da Yadda Za a Shawo Kansu

Babbar matsala ita ce yawan yara. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi yara 35 ga malami ɗaya a firamare, amma a unguwannin da ke da cunkoso aji yakan ninka haka. Mafita ita ce malamai biyu su haɗa kai, ɗaya ya fita da rabi, ɗaya ya zauna da rabi, ko kuma a roƙi wani daga kwamitin kula da makaranta ya raka.

Ta biyu ita ce ƙorafin iyaye. Wani uba zai ce, “Malam, ni karatu na aiko shi, ba leburanci ba.” Yana da gaskiyarsa, domin an daɗe ana sa yara shara da noma a matsayin horo, wani lokaci ma a gonar da ba ta makaranta ba. Tilas ne a daina wannan. Kada a taɓa mai da shara ko ban ruwa hukuncin mai laifi. A gayyato iyaye su ga littafin awon ruwa da lissafin da 'ya'yansu suka yi, a ba kowane yaro dashe ɗaya ya kai gida. Uban da ya ga ɗansa ya auna tsawon bishiya da inuwa ba zai sake cewa wasa a ke yi ba.

Ta uku ita ce rashin lokaci. Amsa ita ce, wannan aiki ba ƙarin darasi ba ne a kan jadawali. Awon ruwa lissafi ne, 'ya'yan sauro kimiyya ne da kiwon lafiya, hira da dattawa tarihi ne, rubuta rahoto kuma Hausa ne ko Turanci. Minti 40 sau ɗaya a mako ya isa a fara.

Ta huɗu ita ce yaran da ba su cikin aji: masu talla, da almajirai, da 'ya'yan waɗanda suka yi gudun hijira. Su ma a unguwar su ke, sauro ɗaya ke cizonsu. Ya kamata a tuntuɓi alarammomi da shugabannin makarantun Islamiyya da na coci don a riƙa haɗa yaran wajen dashe da darasin tsabtar ruwa a ranakun da ba su da karatu.

Ma'aikacin da Ya Dace da Wannan Aiki

Mai wannan aiki ba lalle ne ya zama babban masani ba, amma lalle ne ya zama mai lura da haƙuri. Ya san sunayen itatuwa da tsuntsayen garinsa, in bai sani ba ya tambayi manomi da makiyayi da maharbi da mai sayar da magani, ba tare da girman kai ba. Ya riƙa yi wa yara tambaya fiye da yadda ya ke ba su amsa. Kada ya wulaƙanta yaro saboda ƙazantar unguwarsu, ko ya zagi sana'ar uban da ke sayar da gawayi ko uwar da ke girki da itace. Talauci ne ya kai su, kuma yaro ba ya koyo a wurin wanda ya raina iyayensa. Abin da ya dace shi ne ya nuna hanyar sauƙi, kamar murhu mai cin itace kaɗan, da sassabe reshe maimakon kayar da bishiya, da barin tohon da ya fito a gona ya girma.

Kontagora ta yi sa'a, domin tun ƙarshen shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta kafa babbar makarantar horon malamai a garin, a Sabuwar Busa kuma akwai kwalejin koyon kula da namun daji da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi. Ɗaliban da ke zuwa gwajin koyarwa suna iya ɗaukar wannan aiki a makarantun unguwanni. Malaman gandun daji da malaman gona da duba-gari na ƙaramar hukuma su ma abokan aiki ne, a riƙa gayyatarsu.

Kammalawa

Yara ba za su iya gina magudanar ruwa ba, ba za su iya kwashe jujin gari ba. Wannan nauyin hukuma ne, kuma bai kamata a fake da 'yan makaranta a sauke shi ba. Abin da makaranta za ta iya shi ne ta fitar da yaron da ya san dalilin zazzaɓi, ya san hanyar ruwa, ya san darajar kaɗanya, ya kuma iya rubuta wa mai unguwa ko shugaban ƙaramar hukuma takarda da hujja da alƙaluma.

Saboda haka ana kira ga kowane hedimasta ya keɓe lokaci ɗaya a mako don darasin waje tun daga wannan zango. Ana kira ga kowane malami ya fara da abu ɗaya, ko gwangwanin awon ruwa ko ledoji 20 na reno. Ana kira ga iyaye su ba da izni su kuma zo su gani, ga masu unguwanni da hakimai kuma su kare itatuwan makaranta daga masu sara da masu cin iyaka. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.